Yadda ake zuwa jana'iza da gaisuwar mutuwar maƙwabci Kirista a nan Sudan

Jama'a assalamu alaikum. Wannan bayanin na yi shi ne musamman saboda matasanmu da ke zaune unguwa ɗaya da Kiristoci ko suke sana'a tare da su a kasuwa ko gona ko gareji, sai mutuwa ta faɗa gidansu kaga yaro ya rasa yadda zai yi, yana son zuwa amma yana tsoron kar ya je ya yi abin da zai taɓa addininsa ko kuma ya yi abin da zai ɓata wa masu rashi rai, ƙarshe sai ya noƙe a gida, bayan sati biyu a haɗu a layin burodi kowa na kawar da kai. Ni a unguwar Haj Yusuf da ke Khartoum na taso cikin 'yan Nuba da 'yan Kudu, yanzu kuma ina Gadarif inda ga Habashawa ga 'yan Iritiriya ga Ƙibɗawa, na sha zuwa irin wannan zaman, kuma abin da na sani shi ne mutum zai iya zuwa ya sauke haƙƙin maƙwabtaka ya dawo da addininsa cif, in dai ya san inda zai tsaya da abin da zai faɗa.

Maganar hukunci a taƙaice, don ba fatawa na zo yi ba. Yi wa maƙwabci wanda ba Musulmi ba ta'aziyya malamai da yawa sun halatta, suna kafa hujja da aya ta 8 a Suratul Mumtahana da kuma hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim inda aka wuce da gawar Bayahude sai Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko ta wace ce ya ce ashe ba rai ba ne. Shiga cikin coci lokacin addu'a da bin gawa har kabari kuwa akwai saɓani, wasu sun yarda in mutum ba zai shiga ibadar ba, wasu sun hana. Ka tambayi malamin da ka amince da shi tun yanzu da ba a yi mutuwar ba, ni dai zan kawo maka matakan duka ka tsaya inda zuciyarka ta natsu.

ABIN DA ZA KA TANADA

Tufafi. Namiji farar jallabiya mai tsabta ta wadatar, ko riga da wando masu duhun launi. Rawani ko hularmu ta gargajiya ba wanda ya taɓa ce mini in cire a coci, amma hana-salla ka cire ta tun a ƙofa. Mata ku kula da nan, mu mun saba farin tob marar ado shi ne na makoki, toh a wajen Ƙibɗawa baƙi ne, za ki tarar da mata duk cikin baƙaƙen kaya. In kina da baƙar abaya ki sa ta, in babu farin tob ɗin ma ba laifi sun san al'adar ƙasa. Abin da dai ba a so ko'ina shi ne ja da ruwan ɗorawa da mai walƙiya, da gwal, da sabon lalle, da turaren humra mai tashi tun daga bakin layi.

Kuɗin gudummawa a aljihu, canji ba manyan takardu ba, ko kuma ka tabbata Bankak ɗinka, wato manhajar tura kuɗi ta waya, na aiki. Sukari, ganyen shayi, bun wato kofi, dabino, duk wanda ya sawwaƙa, waɗannan su ne abin da gidan makoki ke cinyewa kamar wuta. Ƙaramar sallaya, kuma ka fita da alwala. Gorar ruwa in za ka je maƙabarta. Sai abu na ƙarshe wanda ya fi duk waɗannan amfani, wato mutum ɗaya daga cikinsu da kuka saba, wanda za ka zauna kusa da shi ka riƙa tambayarsa a hankali. In ba ka da kowa, nemi wani dattijon unguwa Musulmi da ya saba zuwa ka bi bayansa.

MATAKAI

1. Fara da sanin su wane ne da kuma lokaci

Kiristocin Sudan ba abu ɗaya ba ne. Akwai Ƙibɗawa 'yan Otodoks, waɗanda ka san unguwar Masalma a Umdurman da su aka santa, suna kuma Atbara da Madani da Bor Sudan da Ubayyid. Akwai Katolika, akwai Usƙufiyya wato Angilikan, akwai Injiliyya da sauran ƙananan coci-coci da 'yan Duwatsun Nuba da 'yan Kudu suka fi yawa a ciki, sai kuma Habashawa da 'yan Iritiriya da nasu cocin. Kowa da tsarinsa, don haka ka kira mutumin nan naka ka yi masa tambaya uku, yaushe za a kai gawa coci, wace maƙabarta, kuma ina za a zauna karɓar gaisuwa, gida ne ko zauren coci.

Kar ka ɗauka irin namu ne da ake rasuwa da asuba kafin hantsi an dawo daga maƙabarta. Wasu suna binnewa ranar saboda zafin ƙasar nan, wasu kuma sai an haɗa akwati an jira ɗa ko ɗan'uwa ya iso daga wani gari, sai a kwana ɗaya ko biyu ko fiye. Kuma don Allah kar ka je kana cewa me ake jira har yanzu ba a rufe shi ba, wannan maganar tana yi musu ciwo sosai.

2. Je gidan da wuri, ka je da hannunka ba bakinka kawai ba

Da zarar ka ji kuka ya tashi ko an aiko, ka taka, zumunta a ƙafa take. Awannin farko su ne ake buƙatar maƙwabci, a kafa sewan, wato rumfar zaman makoki, a bakin titi, a jera kujeru, a nemo ƙanƙara da ruwa, a yayyafa wa ƙasa ruwa, a aika yara su aro faranti da kofuna. In kana da raksha, wato babur mai ƙafa uku, ko mota ka ce ga ta. Mata su shiga cikin gida wajen mata, kuma a al'adar bika, wato zaman makoki, ta ƙasar nan gidan da aka yi rashi ba ya ɗora tukunya shi kaɗai, maƙwabta ne ke fito da siniya, wato babban farantin abinci, toh gidanku ma ya fito da tasa, ko ful ne da burodi ko adas ko kisra da miya. In Ƙibɗawa ne ko Habashawa ki tambaya ko suna azumi, domin ranakun Laraba da Juma'a da lokutan manyan azuminsu ba sa cin nama da madara da ƙwai, ful da ta'amiya da adas ba sa ba da kunya a nan.

Abin da ba naka ba shi ne wankan gawa da shirya ta, suna da mutanensu, sukan sa wa mamaci tufafinsa masu kyau a sa shi a akwati. Sai in sun neme ka.

3. Gaisuwar kanta

Nan ne mutanenmu suka fi rikicewa, saboda jiki ya riga ya saba. Ka san yadda muke yi, kana shiga sewan tun daga nesa ka ɗaga tafuka biyu ka ce al-Fatiha, masu rashi su miƙe su ma su ɗaga, a karanta a shafa sannan a gaisa. Hannun nan da kansa yake tashi ba tare da ka yi shawara da shi ba. Toh a nan ka riƙe shi. Ka tafi kai tsaye wajen babban gidan, ka dafa kafaɗarsa da hannun dama yadda ake yi, ka ba shi hannu, in kun shaƙu ka rungume shi, ka bi layi ɗaya bayan ɗaya har yara samari kar ka tsallake kowa. Na sha ganin wanda ya ɗaga hannun, masu gida kuma saboda kara suka miƙe suka ɗaga tare da shi, ba wanda ya ce uffan, amma shi ya sa su cikin wani hali kuma shi ma ya shiga abin da malamai suka yi magana a kai, domin nema wa wanda ya mutu ba a kan Musulunci ba gafara an hana, aya ta 113 a Suratut Tauba suke kawowa.

Toh me za ka ce? Addu'arka ka karkata ta ga masu rai, kuma wallahi kalmomin suna da yawa ba za ka rasa ba. Da Larabcin gari ka ce "al-baraka fikum", ko "Rabbana yisabbirkum", ko "Allah yajbur kasrakum". Ƙibɗawa za ka ji suna cewa "al-bagiya fi hayatak", kai ma kana iya faɗa. In wanda ya taso cikinmu ne yana jin Hausa, kamar yadda 'yan unguwa da yawa ke ji, sai ka ce Baba sannu da rashi, ya haƙuri, Allah ya ba ku dangana, Allah ya raya abin da ya bari. Tsohuwa ki ce mata Inna ko ya Hajja ko Khalti yadda kika saba kiranta kullum, ba ranar canza suna ba ce.

Sannan ka faɗi alheri ɗaya na gaskiya da ka sani game da mamacin. Ba sai ka yi dogon yabo ba, ka ce shi ne ya kai mahaifiyata asibiti da dare, ko shekara da shekaru muna kasuwa ɗaya bai taɓa cin mini ko sisi ba. Za ka ga idon ɗansa ya canza, wannan ita ce maganar da za su riƙe.

Abin da za ka kiyaye, kar ka ce ina ma ya musulunta kafin ya mutu, kar ka buɗe muhawarar addini ko da wani ne ya tsokano ka, kar ka shiga tambayar wace cuta ce ta kashe shi ko me ya bari. In ka ji suna cewa ya tafi wajen Almasihu ko ya huta, ka yi shiru kawai, ba a nemi ka sa hannu ba. Limaminsu in Baƙibɗe ne ko na Katolika ka ce masa Abuna, na sauran kuma Gassis. Za ka ga mutanensa suna sumbatar hannunsa ko gicciyen da ke hannunsa, kai musafaha ta isa ko ka ɗora hannu a ƙirji ka ɗan rusuna, sun saba da haka sarai.

4. Kashif

A gefen sewan za ka ga saurayi zaune da littafin makaranta da biro, wani lokaci da ƙaramin tebur, shi ke rubuta gudummawa. Ka je ka ba shi a hankali ya rubuta sunanka, gwargwadon ƙarfinka, ba a raina kaɗan. In 'yan kasuwa ne ko 'yan unguwa ku haɗa ku kai da sunan jama'a ya fi auki. Ka tuna kashe kuɗinsu ya fi namu yawa saboda akwati da mota. In ba ka da kuɗi sam, kilo ɗaya na sukari ko yinin da ka yi kana raba shayi ya tsaya maka.

5. In za ka shiga coci

Ka riga gawa isa ko da minti goma sha biyar, ka kashe ƙarar waya, ka zauna can baya ko gefe kusa da ƙofa, kujerun gaba na dangi ne. A cocin Ƙibɗawa da na Habashawa maza da mata ba sa cakuɗa, in ka fuskanci gaba maza na hagu mata na dama. Habashawa da 'yan Iritiriya suna cire takalmi a ƙofa kamar masallaci kuma mata na rufe kai, toh ka duba ƙafafun mutane ka yi yadda suka yi. A Katolika da sauran kowa na zama inda ya samu.

Za a shigo da akwatin, mai gicciye a gaba, a ajiye shi gaban bagade. Mutane za su miƙe kai ma ka miƙe. Daga nan karatu ne daga Zabura da Linjila, da waƙoƙi, da wa'azi, wani lokaci wani daga dangi ya ba da tarihin mamaci. A wajen Ƙibɗawa akwai turaren wuta mai yawa, in kana da asma ka zauna kusa da taga, kuma wani ɓangaren addu'ar da tsohon harshensu na Ƙibɗanci ake rerawa. 'Yan Nuba da 'yan Kudu kuwa waƙa ce da ganga da tafi har da rangaji, wani lokaci ma tun daren jiya ake yinta a gida har asuba, kar ka ɗauka rashin damuwa ne, ka dubi fuskokin za ka ga hawaye na zuba ana waƙar.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. In an tashi ka tashi, in an zauna ka zauna, in an durƙusa ko an yi sujada kai ka zauna shiru a kujerarka. Ba sai ka yi alamar gicciye ba, ba sai ka yi waƙa ba, ba sai ka ce amin ba. Babban abin da zan ja maka kunne a kai shi ne jibi, wato lokacin da za ka ga an yi layi ana zuwa gaba ana karɓar ɗan burodi da abin sha daga hannun limami, wannan yakan faru in an haɗa jana'izar da ƙuddas, wato babbar ibadar coci, musamman a Katolika. Kar ka bi layin don kunya ko don kaga kowa ya tashi. Su kansu ba su yarda wanda ba a yi wa baftisma ba ya karɓa, zamanka shi ne girmamawar. Ka janye ƙafa mutane su wuce shikenan. Akwai kuma inda za a ce a yi wa juna sallama, na kusa da kai zai miƙo hannu, ka karɓa gaisuwa ce. In an zagayo da faranti ko jaka na baiko, wannan na coci ne ba na iyalan mamaci ba, kana iya miƙa wa na gaba.

Wasu suna buɗe akwatin a zagaya a yi ganin ƙarshe, in ba za ka iya ba ka tsaya a wurinka. Hoto da bidiyo kar ka ɗauka, ko da ka ga 'yan gidan na ɗauka.

In kuma kana bin fatawar da ta hana shiga, ba matsala ko kaɗan, ka tsaya a harabar coci ƙarƙashin inuwa, ba kai kaɗai za ka tarar ba. Ana gamawa dangi sukan jeru a bakin ƙofa suna karɓar gaisuwa, sai ka shiga layi. Wani abu da zai iya ba ka mamaki, in Baƙibɗe ya rasu a satin da ke kafin Ista ba a yi masa cikakkiyar addu'ar jana'iza da aka saba, saboda sun riga sun yi ta gama-gari ga kowa ranar Lahadin da ta buɗe satin, don haka in ka ga an taƙaita kar ka yi zaton wulaƙanci ne.

6. Maƙabarta

Maƙabartarsu daban take da tamu kuma sau da yawa da nisa, ka nemi gurbi a motocin da aka tanada ko ka ɗauki wasu a taka. Za ka iya ganin mata a bakin kabari, wannan ba baƙon abu ba ne a wajensu. Ka tsaya baya kaɗan, limami zai yi addu'a, a saukar da akwatin da igiya, dangi su zuba ƙasa da hannu, a sa furanni a kafa gicciye. In an gaji da shebur ka karɓa ka taimaka. Kar ka taka kaburbura ko ka zauna a kansu, kar ka koma gefe kana hirar farashin dawa da ridi, murya tana tafiya a wurin nan fiye da yadda kake zato.

7. Abinci da salla

An dawo gida za a fito da siniyoyi, ka zauna ka ci. Ƙin cin abincin gidan makoki ana ganinsa kuma ana riƙe shi. Abincin Ahlul Kitabi halal ne da nassin aya ta 5 a Suratul Ma'ida, kuma a unguwannin da na zauna yawanci ma maƙwabci Musulmi suke kira ya yanka ragon don kowa ya ci hankali kwance. In duk da haka kana da shakka a kan nama ga ful ga salatin dakwa ga shayi, ka ci waɗannan ba tare da ka yi sanarwa ba. In an miƙo maka abin shan da ba ka sha, ka ce ruwa ya ishe ni na gode.

Lokacin salla in ya yi ka tashi abinka ba wani ɓoye-ɓoye. Sau da yawa kafin ka tambaya za ka ga an shimfiɗa tabarma a gefen sewan an ajiye butoci saboda baƙi Musulmi. In ba a yi ba ka je masallacin unguwa ka dawo, illa dai kar ku tada jam'i daidai lokacin da limaminsu ke tsakiyar addu'a a wuri ɗaya, ku ɗan matsa gaba.

8. Bayan an watse

Zaman yakan kai kwana uku, ka riƙa leƙawa ko bayan magariba ne ka sha shayi ka zauna rabin awa. Ƙibɗawa suna da addu'ar kwana uku inda Abuna ke zuwa gida, sannan ta arba'in a coci, sannan ta shekara. Habashawa ma arba'in ɗin babba ce a wajensu, suna ce mata tazkar, ana dafa abinci da yawa. 'Yan Kudu da 'yan Nuba sukan sa ranar addu'ar ƙarshe sai dangi sun taru, wani lokaci bayan watanni. In an gayyace ka ka je, dokokin coci ɗin nan na sama su ne dai.

In bikin aure ko suna ya faɗo gidanka cikin kwanakin nan, ka rage sautin sifika ko ka je da kanka ka shaida musu tukuna. Ranar da aka naɗe sewan ka zo a kwashe kujeru a mayar wa masu su. Matar mamaci da yaransa kuma a nan ne suka fi buƙatarku, mata su riƙa shiga, in za ka kasuwa ka aika a tambaya ko akwai saƙo.

Tun da yaƙin nan ya ɓarke a Afrilun 2023 mutane sun warwatse, maƙwabcinka na Haj Yusuf ko Mayo ko Umbadda yanzu wataƙila yana Kosti ko Juba ko Alƙahira, sai dai ka ga sanarwar rasuwa a Facebook ko guruf ɗin unguwa na WhatsApp. Toh kar ka tsaya a rubuta kalma biyu a ƙasan hoto. Ka kira, in layi bai shiga ba ka yi saƙon murya ka ambaci sunanka da na mahaifinka da layin da kuka zauna don ya gane ka, ka faɗi gaisuwar nan da alherin da ka sani na mamacin, ka nemi lambar asusun wanda ke riƙe da kashif ka tura abin da ya samu. 'Yan'uwanmu da ke aiki a Jidda ko Riyad su ma haka, can babu coci kuma yawanci gida ake mayar da gawar abokin aiki Kirista, don haka taimakon da ya fi shi ne kuɗin jigila da zirga-zirgar takardu. Ka tambayi ranar arba'in ka sa ta a wayarka, ranar ka sake kira.